Jon Wulman, mai kantin da ya sallami masu sayen kayansa lokacin da ciniki ya fi kyau

 Wannan karon za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu koma baya shekaru sama da 250, wajen wani Bature Kirista mai suna Jon Wulman. Bai yi sarauta ba, bai ja runduna ba. Mai kanti ne kuma tela, ya san tayi, ya san bashi, ya san littafin lissafi kamar yadda alhazanmu da iyayenmu mata na kasuwa suka san su. Abin da ya sa har yau ake karanta labarinsa shi ne ya ɗauki dokokin Allah da aka koya masa yana yaro, ya shigo da su cikin kanti, ya auna kayansa da su ɗaya bayan ɗaya, har kantin kansa bai tsira ba.

Kafin mu shiga labarin, bari mu faɗi waɗanne dokoki ne. Kiristoci suna kiran su Dokoki Goma, suna cikin Attaura, a Littafin Fitowa sura 20, an kuma maimaita su a Kubawar Shari'a sura 5. Su ne aka ba Annabi Musa a Dutsen Sina'i. Na farkon sun shafi tsakanin mutum da Mahaliccinsa: bauta wa Allah shi kaɗai, barin gumaka, kiyaye sunansa daga rantsuwar banza, da keɓe ranar hutu. Sauran sun shafi tsakanin mutum da mutum: girmama iyaye, da hani ga kisa, zina, sata, shaidar zur da ƙyashin abin maƙwabci. Duk yaron da ya shiga ajin koyarwa a majami'a, ko a Maraɗi ne ko a Landan, ya haddace su. Akwai wani abu da sau da yawa ake tsallakewa wajen hadda: kafin a ambaci doka ta farko, sai da aka tuna wa Bani Isra'ila cewa bayi ne su a Masar, Allah ya fitar da su. Dokar ranar hutu ma ta haɗa da bawa da baiwa da jaki. Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya dunƙule su gaba ɗaya cikin biyu a Linjila, son Allah da son maƙwabci kamar kai, ya kuma koyar da cewa mutum ya yi wa wasu abin da yake so a yi masa.

Wulman ɗan wata ɗariƙar Kirista ne da ake kira Ƙungiyar Abokai, mutane kuma suka laƙaba musu Kweka. Wani mai suna Joj Fokis ya fara ta a Ingila wajejen 1650. A wancan zamani ba su da limamin da ake biya albashi, suna zama shiru ne a wurin ibada har sai wanda abu ya taɓa zuciyarsa ya tashi ya yi magana, namiji ko mace. Ba su rantsuwa ko a gaban alƙali, domin a ganinsu wanda ya rantse ya nuna ke nan yana da magana iri biyu, ta rantsuwa da ta yau da kullum. Wannan ra'ayi ya bi su har kasuwa. Ɗan Kweka yakan yanka kuɗin kaya sau ɗaya, babu tayi babu albarka. Da farko masu saye sun guje su, daga baya aka gane ana iya aiken ƙaramin yaro kantinsu ya dawo da abin da babba zai samu a kuɗi ɗaya, sai ciniki ya koma wajensu. Masu kantin kayan shayi sun san gwangwanin Quaker Oats mai hoton dattijo da baƙar malfa. Waɗanda suka kafa kamfanin ba ƴan ɗariƙar ba ne, sunan suka ara tun 1877 domin mutane sun riga sun ɗauke shi alamar gaskiya a ciniki.

To amma waɗannan masu gaskiyar awo, da yawansu a Amurka suna da bayi. Nan ne labarinmu yake.

An haifi Jon Wulman a watan Oktoba na 1720 a wata gona da ke yankin Niyu Jazi, lokacin Amurka tana ƙarƙashin sarkin Ingila. Su 13 ne wajen iyayensu. A littafin tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa ya ba da labarin wani abu da ya same shi yana yaro. An aike shi gidan maƙwabta, ya ga tsuntsuwa tana shawagi kusa da sheƙarta, ya yi ta jifa har ya kashe ta. Murnar ba ta daɗe ba, ya tuna ƴaƴanta za su mutu da yunwa, ya hau itacen ya kashe su don kada su wahala, ya wuni cikin baƙin ciki. Ƙaramin abu ne, amma halinsa na dukan rayuwa yana ciki: in ya yi abu, sai ya bi sawunsa ya ga wa ya shafa bayan wanda ke gabansa.

Yana ɗan shekara 21 ya bar gona ya tafi garin Maunt Holi, tafiyar kamar kilomita 8, ya zama yaron kanti, shi ke tsaron kaya shi ke riƙe littafi. Ya iya rubutu da kyau, saboda haka shi ake sa wa rubuta takardun ciniki. Wata rana, bai fi shekara biyu da fara aiki ba, maigidansa ya sayar da wata baiwa baƙar fata da yake da ita, ya ce wa Jon ya rubuta takardar sayarwa. Mai saye yana tsaye yana jira, dattijo ne kuma ɗan ɗariƙarsu. Abin ya zo masa ba shiri. Ya tuna an ɗauke shi aikin shekara ne, maigida ne ya umarce shi, sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, a nan take ya gaya wa maigidan da mai sayen cewa shi a ganinsa riƙe bawa bai dace da addinin Kirista ba. Faɗin ya ɗan rage masa nauyi, sai dai takarda ta riga ta rubutu, matar ta tafi gidan sabon ubangiji. Ya daɗe yana cewa da ya roƙi a ɗauke masa aikin, ko me zai biyo baya, da ya fi.

Mu tsaya nan kaɗan. Dokar ƙasa ta yarda da cinikin. Ba shi ya kamo matar ba, ba shi ya sayar ba, ba shi ya saya ba, ko dala ba ta shiga aljihunsa ba. Duk wani yaron kanti zai ce ni ɗan aike ne, laifi na maigida. Abin da Wulman ya gano shi ne cinikin ba ya ƙulluwa sai da alƙalami, alƙalamin kuwa a hannunsa yake. Attaura ɗin da ta hana sata, a sura ta gaba ta yanke hukuncin kisa ga wanda ya saci mutum ya sayar. In an saci mutum daga garinsu a Afirka, mai jirgi ya saya, mai gona ya saya daga mai jirgi, ɗansa ya gada, a wane hannu ne kayan sata ya zama halal? Ba da daɗewa ba wani saurayi ɗan ɗariƙarsu ya zo ya rubuta masa irin wannan takarda. Wannan karon ya ba shi haƙuri cikin ladabi, ya ƙi. Saurayin ya amsa cewa shi ma abin bai kwanta masa ba, kyauta ce aka yi wa matarsa.

Ya koyi ɗinki, yana ganin sana'a ce da za ta ci da shi ba tare da ta cinye shi ba. A 1746 ya yi tafiyar wa'azi ta wata uku bisa doki tare da wani abokinsa, suka ratsa Merilan, Bajiniya da Karolina ta Arewa, kusan kilomita 2.400. Can ya ga bauta da idonsa a manyan gonakin taba. Abin da ya fi damun sa shi ne masaukinsa. Ƴan ɗariƙa ke sauke shi, su ba shi abinci da wurin kwana kyauta, amma wanda ya noma abincin, wadda ta dafa, wanda ya ba dokinsa ciyawa, duk bayi ne da ba a biya. Ya lura inda masu gida ke aiki tare da bayinsu suna zaman sauƙi, hankalinsa ya fi kwanciya, inda kuwa suke facaka suna ɗora wa bayi nauyi, loma ba ta wuce masa da daɗi.

Da ya dawo ya rubuta ɗan littafi kan riƙe baƙar fata a bauta, ya ajiye shi shekaru. Ya auri Saratu Elis a 1749, suka haifi ɗiya mai suna Maryamu. A 1750 mahaifinsa yana kan gadon mutuwa ya tambaye shi labarin rubutun, ko yana da niyyar fitar da shi. A 1754 shugabannin ɗariƙa a Filadalfiya suka yarda aka buga, aka rarraba. Kashi na biyu ya fito a 1762 daga maɗaba'ar Benjamin Faranklin, kuma shi ya biya kuɗin bugun daga aljihunsa. An yi masa tayin a biya daga asusun ɗariƙa, ya ƙi, saboda cikin masu zuba kuɗi a asusun akwai masu bayi.

Rubuta wasiyya yana cikin abin da ke kawo masa kuɗi, kuma nan ma matsalar ta biyo shi. Wani dattijo mai mutunci ya zo ya rubuta masa wasiyya, yana so ya bar wa ɗansa bayi. Wulman ya ce ba zai iya rubuta wasiyyar ba. Dattijon ya ɗauki abinsa ya kai wa wani. Bayan ƴan shekaru ya dawo zai sake wasiyya, suka sake tattaunawa, wannan karon ya yarda a ƴanta su, Wulman ya rubuta. Wani maƙwabcinsa kuma ya ji mummunan rauni, ya aika a kira shi, yana kwance yana faɗin yadda za a raba dukiya, har ya zo kan wata yarinya baiwa. Wulman ya rubuta saura, ya karanta masa, ya gaya masa ba zai iya rubuta abin da zai sa ɗan Adam ya zauna a bauta ba, kuma ba zai karɓi ko sisi kan abin da ya riga ya rubuta ba. Suka yi magana, mutumin ya ƴanta yarinyar. Kowane ƙi yana jawo masa asarar kuɗin aiki da ɓacin ran mutanen da yake gani kullum, a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa.

Yanzu ga abin da ya sa muka zaɓo shi domin ku ƴan kasuwa. Bayan ya rabu da maigidansa ya buɗe nasa kanti. Ya fara da kayan ɗinki, su zare da maɓalli, ya ƙara yadi da lilin, kaya suna ƙaruwa, masu saye suna ƙaruwa kowace shekara. Shi kansa ya amsa cewa yana da son ciniki a jininsa, kuma hanyar zama babban attajiri ta buɗe masa. Ba a taɓa kama shi da tauye awo ko algus ba. Duk da haka ya fara jin kantin ya zame masa kaya.

Abin da ya gani yana bayan kanta shi ne bashi. Al'adar wurin ita ce a ba da kaya bashi, talaka ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, lokacin biya ya zo babu, mai kanti ya kai ƙara, a zo a kwashe ɗan abin da yake da shi. Ya taɓa roƙon ɗan sandan yankinsu ya bar shi ya duba littafinsa, ya ƙirga takardun sammaci fiye da 200 da mutum ɗaya ya kai cikin shekara ɗaya. Ya lura abu biyu ke jefa mutane cikin wannan rami, giya da tufafin tsada, kuma suna tafiya tare: mai son ado ya yi aikin da ya fi ƙarfin jikinsa don ya biya, gajiya ta kai shi ga kwalba. Sai ya shiga ba talakawa shawara su ɗauki abin da zai yi musu amfani mai rahusa, su bar mai tsada. Ku duba, mai kanti ne ke hana mai saye sayen kayan da ya fi riba. Kayan ƙawa zalla kuwa ya rage sayar da su, domin duk lokacin da ya sayar yakan ji imaninsa ya raunana.

A nan ya kai ga doka ta goma, wadda ta hana ƙyashi. Ita kaɗai ce cikin goman ba ta da shaida, alƙali ba ya iya kama mutum da ita, tana cikin zuciya. Wulman ya ga ita ce uwar saura. Matar gida tana son irin zanen maƙwabciyarta, miji yana son gona irin ta wane, don a samu sai a ci bashi, ko a matsa wa ma'aikaci, ko a sayi bawa. Mai kanti kuma yana cin riba daga wannan ƙyashi, yana hura shi da abin da ya rataye a ƙofa. A 1756 ya yanke shawara. Bai rufe dare ɗaya ba. Ya rage kaya a hankali, ya sanar da masu sayensa tun da wuri su nemi wani kanti, sannan ya bar ciniki gaba ɗaya. Ya riƙe ɗinki shi kaɗai ba tare da yaro ba, da wani lambun tuffa da yake dasawa yana aure wa itatuwa.

Mu dai ba mu ce kowa ya rufe shago ba, shi ma bai ce ba. Yana da sana'ar hannu, yana da fili, ɗiya ɗaya gare shi. Mai tallan ƙosai da ke ciyar da yara bakwai ba ta da abin da za ta rage. Amma tambayar da ya yi wa kansa tana nan, ita ce nawa ne ya isa, kuma ribar da ta wuce nan daga jikin wa take fitowa.

A 1757 ya koma kudu. Wannan karon ya tanadi ƙananan kuɗin azurfa a aljihu. Duk gidan masu bayi da ya kwana, in zai tafi sai ya keɓe da maigida ya ba shi kuɗi ya raba wa bayin da suka yi masa hidima, wani lokaci ya miƙa musu da hannunsa. Ku yi tunanin baƙo ya ci tuwon gidanka, zai tafi ya ciro kuɗi ya ce na ƴar aikinka ne da ba ka biya. Abin yana masa nauyi ƙwarai, ya ce jarrabawa ce gare shi da su, amma kaɗan ne suka yi fushi, saboda yadda yake yi cikin tawali'u. A hanya ya sha muhawara. Wani hafsan soja ya ce bayi malalata ne, ya amsa masa cewa ɗa yana aiki don iyalinsa, bawa kuwa ya san duk guminsa na wani ne, me zai sa ya yi himma. Wani ya ce yaƙe-yaƙe sun yi yawa a Afirka, an yi musu gata da aka kawo su. Ya ce in tausayi ne ya sa aka kawo su, da an riƙe su kamar baƙi, an koya musu karatu, kuma kuɗin masu saye ne ke ƙara hura wutar yaƙin can. Wani ɗan ɗariƙa ya kawo hujja daga Littafi, wai baƙar fata zuriyar Kabila ne da ya kashe ɗan'uwansa Habila, baƙin shi ne alamar da aka sa masa. Wulman ya tuna masa cewa bisa Littafin nan dai ruwan Ɗufana bai bar kowa ba sai Annabi Nuhu da iyalinsa. Masu bayin nan sun haddace Dokoki Goma kamar yadda ya haddace. Inda suka rabu shi ne wa ake nufi da maƙwabci.

A babban taron shekara na ɗariƙar a Filadalfiya a 1758, maganar bayi ta taso, wasu suna cewa a jira lokaci, Allah zai buɗe hanya. Wulman ya yi shiru har kusan ƙarshe, sannan ya tashi ya gargaɗe su cewa kukan waɗanda aka zalunta ya kai ga Allah, jinkiri don kare dukiya da abota zai jawo hukunci. Taron ya yanke cewa duk wanda ya sayi bawa ko ya sayar za a cire shi daga harkokin shugabancin ɗariƙa, aka naɗa mutane su bi masu bayi gida gida, shi yana cikinsu. Shekaru ya yi yana wannan aiki, ya zauna da mutum a ɗakinsa, ba zagi ba tonon asiri. Akwai wani ɗan ɗariƙar a zamanin, Benjamin Le, wanda ya bi hanyar zafi, yana kunyata masu bayi a bainar jama'a har aka kore shi. Wasu masana yau suna ganin hanyar Wulman ta yi sanyi da yawa, bayi suna tsufa cikin bauta shi yana lallashin iyayengijinsu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kuma shi ne ake buɗe wa ƙofa.

Daga nan ya koma kan jikinsa. Bayan wata rashin lafiya a 1761 ya daina sayen tufafin da aka rina. Baban rini da ake kawowa daga kudancin Amurka da tsibiran Karebiyan bayi ke noma shi, ga shi yana ganin rini yana ɓoye dauɗa ne kawai. Ya ci gaba da sa tsofaffin kayansa har suka ƙare, amma ya sayi malfa wadda ba a rina ba. Abin dariya, a daidai lokacin farar malfa ta zama yayi wajen ƴan gayu, sai abokansa suka ɗauka yayi yake bi, wasu suka ja baya da shi. Mu da muka san darajar marina da baƙin rini muna iya cewa nan ya wuce gona da iri, kuma ko a zamaninsa an faɗi haka. Sukari ma ya bari, domin rake a wancan lokaci bayi ke noma shi. Ya tuna lokacin kanti ya sayar da sukari da ruwan rake da barasar rake, ribar ta tsaya masa a rai shekaru, har ya yi niyyar kashe ta wajen tafiya tsibiran don ya yi wa masu gonakin wa'azi, ko da yake tafiyar ba ta yiwu ba.

Dokar hana kisa ya ɗauke ta haka nan. Lokacin yaƙin Ingila da Faransa a Amurka ya ƙi biyan harajin yaƙi. A 1758 aka ajiye masa soja a gida, ya karɓe shi mako biyu ya ciyar da shi, amma ya ƙi karɓar kuɗin da hukuma ke biya. A 1763, ana tsakiyar rikici tsakanin Turawa da ƴan asalin ƙasar, ya yi tafiya cikin daji zuwa garinsu Wayalusin a bakin kogin Saskwahana, ba da makami ba, yana jin zafin yadda fatake ke sayar musu da barasa su karɓe fatunsu a banza. Daga 1766 ya riƙa zuwa yankunan masu bayi a ƙasa, ya bar doki, don ya ɗanɗani kaɗan daga wahalar bawa.

Akwai wani abu da ya fi burge mu, domin laifinsa ne shi kansa. Tun yana matashi an naɗa shi da wani mutum masu rabon gadon wani mamaci, cikin dukiyar akwai yaro baƙar fata. Suka sayar da aikin yaron har ya kai shekara 30, alhali ƴaƴan Turawa da ake ba wa masu sana'a a shekara 21 ake sallamar su. Shekara 9 ke nan aka ci masa. Babu wanda ya tuhume shi, doka ba ta hana ba, shekaru sun wuce. A 1769 abin ya dawo masa. Ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa: mu biyu muka yi, rabin 9 nawa ne. Ya rubuta takarda ya ɗaure kansa da magadansa cewa za su biya wanda ya sayi yaron kuɗin shekara 4 da rabi na ƙarshe domin a sake shi. Tuba da baki ba ta ishe shi ba sai da ya mai da abin da ya ci.

A 1770 ciwon haƙarƙari ya kusa kashe shi. Cikin ciwon ya yi mafarki an kai shi ramukan haƙar azurfa, inda talakawa ke haƙa wa attajirai Kiristoci, suna zagin sunan Almasihu saboda an gaya musu masu zaluntar su mabiyansa ne. Ya fahimci cewa dokar kiyaye sunan Allah ba ta tsaya ga rantsuwa ba, mai addini da ke zalunci yana sa a zagi abin da yake bauta wa. Bayan ya warke ya daina sha da kofin azurfa a gidajen da ya sauka.

Abin da Kiristocin yau suka gada daga gare shi shi ne wannan tambaya ta daga ina kaya suka fito. Kusan shekara 20 bayan mutuwarsa dubban ɗaruruwan mutane a Ingila suka ƙaurace wa sukarin bayi. Iyalin Cadbury, waɗanda suka kafa kamfanin da ke yin Bournvita da ke kan teburin kowane mai shayi, ƴan Kweka ne, kuma a 1909 suka daina sayen koko daga tsibirin Sawo Tome saboda aikin tilas da ake sa mutane, ko da yake an zarge su da jan ƙafa shekaru bayan sun sani. Har yanzu majami'u da yawa a Turai suna cikin masu neman a biya manoman koko da kofi kuɗin adalci, a kuma fitar da yara daga gonakin. Mu ma maganar ba ta yi mana nisa ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30, a 2008 kuma kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta ba Hadijatu Mani gaskiya, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12. Ƙasa da wannan akwai ƴar aikin da aka kawo daga ƙauye ba a san albashinta ba, da ɗan dakon da ake cewa ya dawo gobe.

A watan Mayu na 1772 Wulman ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Ya duba ɗakin manya ya ga ado da sassaƙa, ya san kuɗin adon yana cikin kuɗin tikiti, sai ya zaɓi kwana a ƙasan jirgi tare da matuƙa, cikin jiƙa da cunkoso, sama da mako biyar. Ya isa Landan a watan Yuni ana taron shekara na ɗariƙar. An ce manyan attajiran wurin da suka ga bakauye da farin kaya sun so ya juya gida, sai da ya yi magana suka sauko. Daga nan ya nufi arewa a ƙasa. Ya ƙi shiga keken dokin haya, ya kuma roƙi kada a aiko masa wasiƙa ta gidan waya, domin ya ji yadda ake gudu da dawakai har su mutu ko su makance, da yadda yaran da ke kai wasiƙu ke daskarewa cikin sanyin dare. Wannan ya sa labarin gida ba ya isa gare shi da wuri, Saratu kuma tana can tana jira. Ita ma ta biya nata kason na wannan tsantseni, ba a cika ambatonta ba.

Ya isa birnin Yok a ƙarshen Satumba, agana ta kama shi a gidan wani ɗan ɗariƙa mai suna Tomas Firistman. Yana kwance ma sai da ya nemi kada a ba shi maganin da ya biyo ta hannun zalunci. Ya rasu ranar 7 ga Oktoba 1772, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 52. An buga tarihin rayuwarsa a 1774, a 1776 kuma taron Filadalfiya ya yanke cewa mai bawa ba zai ci gaba da zama ɗan ɗariƙa ba. Amurka kanta sai a 1865 ta hana bauta, bayan yaƙin basasa.

Kafin ya cika ya sa aka rubuta yadda za a yi jana'izarsa. Ya ce a yi akwatin da katako mai sauƙi ba ado, a naɗe shi da yadi mai rahusa, kuɗin yadin da ladan mai haƙa kabari kuma a fitar daga tufafin da ya bari. An binne shi a maƙabartar ƴan ɗariƙar da ke Yok.